Layin Dogo na Kano zuwa Nguru: Tambayoyi da Amsoshi kan Tashinsa da Durƙushewarsa

Duk wanda ya tashi a Ringim, Taura, Gagarawa, Malam Madori, Birniwa ko Nguru ya san ƙarfen dogo, ko da bai taɓa sa ƙafa a jirgi ba. Yara na gasar tafiya a kansa, tsofaffi na ba da labarinsa. Tambayoyin da ke ƙasa su ne waɗanda suka fi yawan dawowa daga bakin ɗalibai, 'yan kasuwar hatsi da jikokin ma'aikatan reluwe. An fara da masu sauƙi, an gangara zuwa masu ɗan sarƙaƙiya.

Wane layi ake magana a kai, kuma daga ina ya tashi zuwa ina?

Reshe ne na tsohon layin dogon Najeriya. Ya tashi daga Kano ya nufi arewa maso gabas, ya ratsa ƙasar da a yau ake kira Jihar Jigawa, ya tsaya a Nguru cikin Jihar Yobe. Tsawonsa kimanin kilomita 230 ne. Ana ce masa reshe don ba ya zarcewa ko'ina: jirgi in ya isa Nguru, sai dai ya juyo. Tsakanin ƙarafansa biyu ƙafa 3 da inci 6 ne, wato milimita 1,067, daidai da sauran tsohon layin ƙasar nan mai tsawon kilomita 3,505.

Yana da tagwai, wato reshen da ya tashi daga Zariya ya bi ta Funtuwa da Gusau ya ƙare a Ƙauran Namoda. Kusan duk abin da za a faɗa kan ɗaya ya shafi ɗayan.

Yaushe aka gina shi?

An buɗe shi a 1930, zamanin Sarkin Kano Abdullahi Bayero, shekara guda bayan na Ƙauran Namoda da aka buɗe a 1929. Kafin nan dogo ya daɗe a Kano. An fara layin Baro zuwa Kano a 1907, lokacin da Percy Girouard, injiniyan jirgin ƙasa ɗan Kanada, yake riƙe da mulkin Arewa. Ƙarfe ya iso Kano a 1911, aka fara ɗaukar kaya sosai a 1912.

Lokacin buɗe reshen Nguru bai yi wa kowa daɗi ba. Tattalin arzikin duniya ya karye a 1929, farashin gyaɗa ya faɗi warwas, gwamnatin mulkin mallaka ta ɗaure bakin jaka. Daga nan ba a sake shimfiɗa wani dogon layi a Najeriya ba sai 1958, da aka fara na Barno. Wannan dogon shiru ne ya bar Nguru a matsayin ƙarshen dogo a gabas, matsayin da ta ci moriyarsa sama da shekara 30.

Don me aka gina shi? Don mutanen yankin ne?

A'a, kuma gara a faɗi haka tun farko, domin a nan asalin labarin yake. An gina shi ne don a kwaso amfanin gona daga ƙasar rairayi a kai shi bakin teku, tafiyar sama da kilomita 1,300 daga Nguru zuwa Legas. Dubi taswirar tsohon layin Najeriya: ko'ina ƙarfe ya tashi, teku ya nufa, Legas ko Fatakwal. Ba a damu da a haɗa kasuwa da kasuwa ko masarauta da masarauta ba. Mutane sun amfana ƙwarai, sun yi fatauci, sun yi zumunci, garuruwa sun tsiro, amma duk wannan ribar ƙafa ce. Maƙasudin shi ne buhu ya isa jirgin ruwa.

Wanda ya riƙe wannan zai fi fahimtar amsoshin da ke gaba kan durƙushewar layin.

An ce auduga Turawa suka so. Yaya aka yi gyaɗa ta mamaye layin?

Haka ne. Masaƙun Lankasha a Ingila suna neman auduga, kuma ƙungiyar masu noman auduga ta Birtaniya ta sa rai ƙasar Kano za ta cika musu taragu. Sai dai Kano tana da masaƙanta da marinanta, waɗanda suke sayen auduga da farashin da ya fi na Bature. Manomi kuwa ya yi lissafinsa. Gyaɗa tana son rairayi. Ana iya shuka ta a tsakanin gero. In kasuwa ta ƙi, a ci ta a gida, mata su matse mai su toya ƙuli-ƙuli, dabbobi su ci harawa. Auduga in ta ƙi sayuwa, ba mai tuƙa tuwo da ita.

Ga kuma haraji, wanda tilas a biya da kuɗin Bature. A kakar 1912 gyaɗa ta yi wa tashar Kano ambaliya har ta fi ƙarfin taragun da ke akwai. Fataken goro na da, waɗanda suka san ƙauyuka kuma suke da yara a ko'ina, su suka zama dillalanta. Mafi shahara a cikinsu shi ne Alhassan Ɗantata, wanda ya rasu a 1955. To, ƙasar da ke tsakanin Ringim da Nguru jigawa ce zalla, irin wadda gyaɗa ke so, sai dai ta yi wa jaki da raƙumi nisa da Kano. Reshen Nguru shi ya kawo sikeli kusa da ita.

To hatsi fa? Ban da gyaɗa, me jirgin yake ɗauka?

Yana ɗaukar gero, dawa da wake, musamman wake, wanda Kudu ta daɗe tana ci daga Arewa. Yana ɗaukar shanu, ƙiraga da fatu, ƙaro, kanwa, busasshen nama da bandar kifi daga fadamun Haɗeja da Nguru da ma can wajen Tafkin Chadi. In zai dawo kuma, ya taho da goro, gishiri, kananzir, atamfa, siminti da kwanon rufi.

Amma akwai bambanci tsakanin gyaɗa da hatsi wanda ya kamata a lura da shi. Gyaɗa mai saye ɗaya ce, hanyarta ɗaya, inda za ta ɗaya. Hatsi kuwa na mutane dubu ne, kowa da buhunsa goma ko ashirin, yau farashi ya fi kyau a wannan kasuwa, gobe a waccan. Jirgin ƙasa ya fi jin daɗin kaya irin na farko. Shi ya sa gyaɗa ce take biyan kuɗin layin, hatsi na bin bayanta. Da ta janye, hatsi shi kaɗai bai iya riƙe shi ba. Duba amsar da ke kan mota da jirgi.

Me ya sa tasha take Malam Madori, ba a cikin Haɗeja ba?

Layin ya bi tudu ne ta arewacin Kogin Haɗeja, ya kauce wa fadama. Gada da cikon ƙasa su ne suka fi cin kuɗi a aikin dogo, kuma ƙasar gyaɗa a tudu take. Sai Malam Madori ta zama ƙofar masarautar Haɗeja ta jirgi. Kamfanoni suka kafa kantuna da sikeli, baƙi suka sauka, gari ya bunƙasa a jikin tasha. Haka ya faru a wurare da yawa: tsohon gari yana gefe da ganuwarsa da fadarsa, sabuwar unguwa tana jikin dogo da Yarbawanta, Ibonta, Nufawanta da Kwaranta, wato 'yan Labanan da Siriya. Ita ma Nguru, duk da tsohuwar mazaunin Galadiman Barno ce, cikar kasuwancinta na ƙarni na 20 dogo ne ya kawo shi.

Yaya kaya yake tafiya daga gona har ya shiga tarago?

Da kaka, bayan an cire gyaɗa an ɓare, manomi ya ɗora wa jaki ko raƙumi ya nufi inda sikeli yake. Tun kafin ya iso, 'yan baranda sun tare shi a hanya, kowa na jan akalarsa zuwa sikelin maigidansa. A auna, a duba ko an haɗa da tsakuwa ko ɓawo, a biya shi. Daga nan a zuba a buhunan algarara, a ɗinke da basilla, 'yan dako su jera a filin tasha har tarago ya samu.

Masu sayen su ne manyan kamfanoni irin su UAC, John Holt, G.B. Ollivant da CFAO, da dillalansu Hausawa da Kwara. Daga 1949 aka kafa hukumar cinikin gyaɗa ta ƙasa, a 1954 kuma ta koma hannun hukumar ciniki ta Jihar Arewa. Ita take yanka farashi tun farkon kaka, ita take ba da lasisin saye, ita kuma take da kayan da zarar an auna. Ma'ana, jirgin ƙasa yana da babban abokin ciniki guda ɗaya da ke ba shi lodi duk shekara ba tare da ya je nema ba.

Dalar gyaɗa: alamar arziki ce, ko alamar gazawar jirgi?

Duka biyun, amma an fi faɗin na farko a bar na biyu. Ba don ado aka fara jera dala ba. Gyaɗa tana shigowa cikin 'yan watannin kaka, jirgi kuma yana kwasarta a hankali duk shekara. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu kawunan jirgi sun tsufa, taragu sun yi ƙaranci, ga yajin aikin gama-gari na 1945 wanda ma'aikatan reluwe ƙarƙashin Michael Imoudu suka yi wa jagora. Sai gyaɗar bara ta tarar da ta bana a fili. Dole a nemi yadda za a ajiye ta a waje ba tare da ruwa ya lalata ta ba.

Aikin kansa abin kallo ne. A share fili, a ɗaga gindi don kada danshi ya taɓa buhu, a jera sahun farko murabba'i. Kowane sahu na sama ya ɗan shige ciki, har gefen ya zama matakala. Lebura ya ɗauki buhu a ka, ya hau da sassarfa, ya sauke inda mai jeri ya nuna masa, ya gangaro ta ɗaya gefen. Dala guda tana cin buhu wajen 15,000. In an kai ƙololuwa a lulluɓe da tamfol a ɗaure. An yi su a Kano, an yi su a Malam Madori. Matsalar ita ce ƙwaro: dalar da ta daɗe tana jiran tarago, ƙwari na cin ta daga ciki, har sai an yi mata feshin hayaƙi.

Saboda haka hoton dala da muke alfahari da shi hoton layi ne na masu jiran jirgi.

Mutanen Nijar sun amfana da layin?

Ƙwarai. Nijar ba ta da teku, kuma a wancan zamani ba ta da dogo. Gyaɗar Damagaram da Magarya da Maraɗi ta fi kusa da dogon Najeriya fiye da kowace hanya ta ƙasashen Faransa, don haka da yawanta ta Kano take fita. Nguru kuma ita ce kasuwar mutanen Manga da na gabashin Nijar, masu kawo kanwa, dabbobi da fatu a kan raƙuma. Abin ya dami Faransawa har a 1953 suka ƙirƙiro wani shiri na tallafa wa motoci su kai kayan Nijar Paraku, inda jirgin Dahomey, wato Jamhuriyar Benin ta yau, zai kai su Kwatano. Duk da haka gabashin ƙasar bai rabu da hanyar Najeriya ba, don nisa ba ya jin umarni.

Yaushe layin ya fara ja da baya?

Ba rana ɗaya ba ce. Bugu na farko ya zo ne daga ɗan'uwansa. Tsakanin 1958 da 1964 aka gina layin Barno daga Kuru ta Bauchi da Gombe zuwa Maiduguri, da rancen dalar Amurka miliyan 28 daga Bankin Duniya. Kayan Barno da a da suke bin hanyar Nguru suka samu tasha a ƙofar gida.

Na biyu shi ne rikicin 1966 da yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970. Ƙwararrun ma'aikata 'yan Gabas, direbobi da makanikai da akawuna, suka bar Arewa. Kwal ɗin da kawunan jirgi ke ci daga Inugu yake zuwa, ya yanke. Tashar ruwa ta Fatakwal ta rufe, lodi duka ya koma kan layin Legas. Alƙaluman hukumar jiragen ƙasa, NRC, wadda aka kafa a 1955, sun nuna girman faɗuwar a ƙasa baki ɗaya: a 1964 ta ɗauki fasinja sama da miliyan 11 da kaya kusan tan miliyan 3. A 1974 fasinja sun koma miliyan 4 da 'yan kai, kaya kuma tan miliyan 1 da ɗoriya. In uwa ta rame haka, ba a tambayar halin da reshe yake ciki.

Gaskiya ne fari da cuta ne suka kashe gyaɗa?

Sun yi mata mummunan duka. Farin 1972 zuwa 1974 ya fi tsanani a daidai yankin da layin ya ratsa, a 1975 kuma kuturtar gyaɗa, wadda darɓa ke yaɗawa, ta share gonaki masu ɗimbin yawa. Manomin da ya ga yunwa da idonsa ya koma wa gero da wake. Amma ruwa ba ya tsami banza. Tun kafin fari, hukumar ciniki tana biyan manomi ƙasa da farashin duniya, rarar tana tafiya ayyukan gwamnati. Duk shekarar da farashin Nijar ya fi, gyaɗa ta tsallaka iyaka da dare. Da kuɗin man fetur ya shigo daga 1973, gwamnati ta daina dogara da gyaɗa, matasa suka nufi birni aikin gini, kuɗin ƙwadago ya tashi. Ƙasar da take kan gaba a duniya wajen fitar da gyaɗa a shekarun 1960 ta wayi gari ba ta da ta fitarwa.

Sai dai a kula: gyaɗa ba ta mutu ba. Har gobe Najeriya tana cikin manyan masu noma ta a Afirka. Hanyarta ce ta sauya. Yanzu a gida ake cinye ta, a injinan matsar mai da tukwanen mata, tafiyar kilomita 50 ko 100 a mota. Sannan a 1986, cikin shirin gyaran tattalin arziki na zamanin Babangida, aka rushe hukumomin ciniki gaba ɗaya. Babban abokin cinikin nan da aka ambata a amsar sikeli ya tafi ke nan, bai bar magaji ba.

Tunda jirgi ya fi arha, me ya sa 'yan kasuwa suka koma wa mota?

Arhar jirgi daga tasha zuwa tasha take. Ɗan kasuwa kuwa daga kasuwa zuwa sito yake lissafi. A ce ka sayi gero buhu 300 a kasuwar ƙauye. In ta jirgi ne, ka biya lodi a mota ko amalanke zuwa tasha, ka biya saukewa, ka jira a ba ka tarago, ka biya lodi, ka sa mai gadi. In ya isa, ka sake biyan saukewa, ka sake neman mota zuwa kasuwar hatsi ta Dawanau da ke Kano. Kowane ɗauka da saukewa kuɗi ne, kuma kowanne na yaga buhu. In tirela ce, ta zo har bakin rumfa, a loda da la'asar, gari na wayewa tana Kano, yaronka yana zaune a kan kayan.

Sannan ga lokaci. Jarin ɗan kasuwar hatsi juyawa yake so. Wanda kayansa suka yi mako biyu a tarago yana kallo farashi ya sauya, abokinsa mai mota ya yi sawu uku. A shekarun 1970 gwamnati ta zuba kuɗin mai a kan kwalta, ga man mota da arha saboda tallafi, ga shi mai tirela ba shi yake gyara titin da yake fasawa ba, alhali jirgi shi yake ɗaukar nauyin hanyarsa. Ba wai ɗan kasuwa ya ƙi jirgi ba ne. Lissafi ne ya kore shi.

Yaya layin dogo yake mutuwa, tunda ƙarfe ne?

A hankali, kamar gidan ƙasa da aka daina yi wa yaɓe. Ƙarfen yana zaune ne a kan 'yan gicciye, su kuma a kan tsakuwa. Dole kullum a samu gungun leburori masu bin layi da ƙafa, su ɗaure noti, su cusa tsakuwa, su share kwalbati, su kwashe rairayin da iska ta tara. A yankin Birniwa da Nguru rairayi ba ya hutawa da rani, da damina kuma ruwa guda ya isa ya zare ƙasar da ke ƙarƙashin layi ya bar ƙarfe yana lilo.

In kuɗin shiga ya ragu, waɗannan leburorin ake fara ragewa. Layi ya lalace, sai a umarci direba ya rage gudu. Jirgi ya koma tafiyar hawainiya, ya riƙa sauka daga kan ƙarfe, fasinja da masu kaya su ƙara guduwa, kuɗi ya ƙara raguwa. In kan jirgi ɗaya ya rage mai lafiya, babban layin Legas za a ba, ba reshe ba. Daga jirgi kullum a koma sau biyu a mako, daga nan sau ɗaya, daga nan sai ranar da aka gani.

Wanda ya je irin waɗannan tashoshi ya san kamanninsu: allon sunan gari yana nan, tankin ruwa na zamanin jirgin kwal yana tsaye ba ruwa, tumfafiya ta fito a tsakanin ƙarafa, awaki na kwance a inuwar tsohon tarago, mata sun shanya kuɓewa a kan dandamalin da a da ake jera buhuna.

An rufe shi a hukumance ne? Ba a taɓa yunƙurin gyarawa ba?

Ba a yi masa irin rufewar da aka yi wa ƙaramin layin Zariya zuwa Jos ba, wanda aka rufe a 1957 aka kwashe ƙarafansa. Na Nguru yana nan a cikin dukiyar NRC, kuma an sha dawo da jirgin fasinja da na kaya a kansa, ya yi ɗan lokaci ya sake tsayawa.

Yunƙurin gyara kam an yi, sai dai na ƙasa baki ɗaya. Daga 1979 zuwa 1982 an ba kamfanin RITES na Indiya riƙon hukumar, abubuwa suka ɗan motsa, suna tafiya aka koma gidan jiya. A 1995 gwamnatin Abacha ta ba kamfanin CCECC na Sin kwangilar gyara. A Disambar 2012, zamanin Jonathan, aka sake buɗe layin Legas zuwa Kano. A 2016 an gwada ɗaukar shanu daga Gusau zuwa Legas a kan tagwan layin nan. Abin da ya haɗa su duka: a gyara ƙarfe, a yi biki, a manta da tambayar wane ne zai ba da lodi kowane mako da kuma wane ne zai biya masu bin layi bayan ɗan kwangila ya tafi.

Mu kaɗai abin ya sama, ko akwai irinsa a wasu ƙasashe?

Ba mu kaɗai ba ne, har ƙasashen da ba a zarginsu da sakaci. A filayen alkama na yammacin Kanada an shimfiɗa rassa birjik, da rumbun katako a kowace tasha, tazarar da manomi zai je da keken doki ya dawo a yini. Wata yarjejeniya ta 1897 ta danne kuɗin dakon hatsi shekara da shekaru. Da aka janye tallafin a 1995, kamfanonin jirgi suka yi watsi da rassa masu yawa, aka rushe dubban rumbuna, manoma suka koma kai hatsi da manyan motoci zuwa 'yan manyan cibiyoyi. A yankin Eyre na Kudancin Ostireliya, layin da faɗinsa daidai yake da namu ya yi fiye da shekara 100 yana kai alkama Port Lincoln, amma a ƙarshen watan Mayun 2019 jirgin hatsi na ƙarshe ya wuce, kamfanin da ke ba da lodi ya koma wa mota.

Bambancin shi ne, a can an zauna an yi gardama, an yanke shawara, an sanar da rana. A lardin Saskacewan ma manoma da ƙananan hukumomi sun haɗa kuɗi sun sayi wasu rassan suna tafiyar da su da kansu. Namu kuwa ba a kashe shi ba, ba a kuma raya shi ba.

Sabon layin Kano zuwa Maraɗi zai taimaka wa na Nguru?

Ba kai tsaye ba. Wanda aka aza harsashinsa a Fabrairun 2021, kamfanin Mota-Engil ke ginawa, ya bi ta Ɗambatta, Kazaure, Daura, Katsina da Jibiya, da reshe zuwa Dutse. Faɗinsa milimita 1,435 ne, irin na Abuja zuwa Kaduna da aka buɗe a 2016. Tarago na wannan ba ya hawa kan wancan. Duk kayan da suka taso daga Nguru a tsohon layi, sai an sauke an sake lodawa a Kano, wato an dawo kan matsalar ɗauka da saukewa da aka bayyana a amsar mota da jirgi. Akwai ma fargabar cewa yayin da hankali da kuɗi suka koma kan sabon layi, tsohon zai ƙara zama maraya.

To akwai kayan da za su iya raya shi a yau?

Akwai, kuma a ganina a nan ya kamata masu kiran a farfaɗo da shi su sa ƙarfinsu, ba a kan kewar zamanin da ba. Riɗi da zoɓo da ƙaro su ne suka gaji gyaɗa: a wannan yankin ake noma su, waje ake kai su, masu sayensu manya ne kuma 'yan kaɗan, tafiyarsu doguwa ce har Legas. Irin kayan da jirgi ke so ke nan. Ga shinkafa da alkama na fadamar Haɗeja, ga shanu, ga taki da siminti da za su cika taragu a dawowa. Tashar tsandauri ta Dala da aka ƙaddamar a Kano a Janairun 2023 za ta iya zama mahaɗa, a cika kwantena a Malam Madori ko Gagarawa a rufe, kada a sake buɗewa sai a jirgin ruwa.

Sharuɗɗan ne masu wuya. Sai babban layin Kano zuwa Legas yana aiki ba yankewa, domin reshe ba ya rayuwa in gindin bishiya ya bushe. Sai an samu masu kaya da za su sa hannu kan lodi na shekara, ba na ranar biki ba. Sai jirgi ya riƙe rana da sa'a. Wani abu da ya sauya shi ne doka: gyaran tsarin mulki da Shugaba Buhari ya sa wa hannu a Maris 2023 ya ba jihohi ikon shiga harkar jirgin ƙasa, wadda a da ta tarayya ce kaɗai. Kano da Jigawa da Yobe yanzu suna da ƙofar da za su shiga in sun ga dama.

Ƙarafan da ke kwance da filayen tasha, na wane ne? Mutum zai iya ɗauka ko ya yi gini?

Na NRC ne, wato na gwamnatin tarayya, ko da jirgi ya shekara goma bai wuce ba. Cire ƙarfe, 'yan gicciye ko noti laifi ne, kuma jami'an tsaro sun sha kama motoci maƙare da su a sassan Arewa, ana shirin kai wa masu narka ƙarfe. Mai saye a hannun 'yan jari-bola ma bai tsira ba. Noti guda da aka kwance yana iya kifar da tarago, in an tashi gyara kuma kuɗin mayar da abin da aka sace ya ninka abin da ɓarawo ya samu sau da yawa.

Haka batun fili. Akwai tazarar da doka ta keɓe a kowane gefen layi, kuma gidajen ma'aikata da filayen da a da ake jera buhuna duk suna cikin dukiyar hukumar. Wanda aka yi wa tayin fuloti a jikin dogo, ko rumfa a harabar tasha, ya nemi ganin takardar haya daga hukumar kanta kafin ya ba da ko sisi. Takardar mai unguwa ko ta dillali ba ta hana rusau ranar da aka zo gyara.